Ka Gaya Musu Ina Raye

Ba zan tsaya ba da labarin yadda muka bar Minna ba, duk wanda ya taɓa raka matafiyi tasha ya san yadda ake yi. Abin da zan faɗa shi ne mu biyu muka tafi Amurka, ni da Ndagi, kuma ni kaɗai na dawo.

Ndagi abokina ne tun firamare. Ni Sabi'u ɗan Fadikpe ne, jikan ma'aikacin reluwe. Shi kuwa gidansu na Ketaren Gwari, asalinsu Nufawan Bida ne, mahaifinsa Baba Shaba dillalin doya ne da ba ya fashin kasuwar Gwada. Ndagi mutum ne mai surutu da dariya, ni kuma Allah ya yi ni da musu. A teburin mai jarida na taso, cikin masu karatun kyauta da ke cika wa mai kaya wuri ba su sayi ko ɗaya ba. A nan na koyi wani abu da na ɗauka hikima ce: in jaridu biyu suka saɓa a kan magana guda, ka tsaya a tsakiyarsu, nan gaskiya take. Da wannan ɗan ilimin na haye teku ina ganin ba mai yi mini wayo.

Zangonmu na farko wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, a wani babban birni, mu bakwai a ciki, tagarsa daidai da takalman masu wucewa. Bizar ziyara muka shiga da ita, kwanakinta kuma suna ta zubewa. A nan aka haɗa mu da Barista.

Har yau ban san sunansa na gaskiya ba. Barista ake ce masa, ko da yake daga baya muka gane ko ƙofar makarantar lauyoyi bai taɓa leƙawa ba. Ɗan Najeriya ne, ga ƙamshin turare ga murya mai sanyi, irin mutanen da in sun ce maka "ɗan'uwana" ya kamata ka dafe aljihu. Ya ce mana ƙasar nan ba ta ba mutum takardar zama don yana jin yunwa, sai in ana neman ransa a gida.

Ya ce, "Ku daga ina?"

Muka ce Minna.

Ya taɓe baki. "Minna ba ta sayuwa. Ba wanda ya san ta a nan."

Ndagi, da bakin nan nasa da ba ya shiru, ya ce ai babansa yana zuwa Gwada sayen doya, ta wajen Shiroro. Nan take idon Barista ya yi haske, don ya san ana jin labarin 'yan bindiga a yankin. Ya jawo kwamfuta ya hau rubutu. Ni ya ƙirƙira mini wa mai suna Garba ya kashe shi a gona, alhali ni ne ɗan fari a gidanmu. Ndagi kuwa bai yi sa'a ba, nasa mai rai aka kashe. Takardar ta ce an tare Baba Shaba a hanyar Gwada an harbe shi a gaban ɗansa.

Ndagi ya ture takardar ya ce, "Oga, babana yana nan da ransa fa. Jiya ma na yi magana da shi."

Barista ya yi dariya. "Takarda ce, ba addu'a ba ce. Tawada ba ta kashe mutum."

Zan faɗi abin da na yi, don in na ɓoye shi labarin nan ba shi da amfani. Ni na lallashe shi. Na ja shi gefe na tuna masa yadda unguwa ta rako mu tasha, na ce da wane ido za mu koma hannu rabbana. Na ce takardar nan a durowar wani ofis za ta ruɓe, ba mai ganinta, balle ta je Ketaren Gwari. Ni na ɗauki biron na saka masa a hannu.

Daga wannan makon Ndagi ya tsiri wata al'ada. Duk ranar Juma'a da safe kafin mu fita, lokacin an sauko daga masallaci a Minna, sai ya kira babansa. Su yi hirar farashin doya da ciwon gwiwa, in za su rabu sai ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Ina jin muryar tsohon ta cikin waya, da Hausarsa ta Banufe. "Na yafe, Allah ya yi albarka. Kai kullum yafe, yafe, mene ka yi ne?"

"Ba komai, Baba. Haƙƙin haihuwa ne."

Sai ya ajiye wayar ya daɗe bai kalle ni ba.

Zango na biyu wani ƙaramin gari ne can arewa, inda dusar ƙanƙara ke rufe mota har sai mai ita ya tono ta da shebur. An ba mu izinin aiki kafin a saurari ƙararmu. Ndagi ya samu tuƙin motar raba kaya gida gida. Ni kuma na samu aikin kula da wasu tsofaffi biyu, miji da mata, Mista Wolta da Madam Helin. In yi wa tsohon wanka, in ba su magani, in dafa musu abin da su suke kira abinci.

Gidan nan talabijin biyu gare shi. Na Mista Wolta yana falo, kullum a kan tashar masu ra'ayin mazan jiya. Na Madam Helin yana kicin, kullum a kan tashar masu sassaucin ra'ayi. Sun haura shekara hamsin da aure, amma ko wannensu ba ya taɓa rimot ɗin ɗan'uwansa. Ni ne mai zirga-zirga tsakaninsu da farantin shayi, don haka duk labari sau biyu nake jin sa, taku goma sha biyu tsakani.

Da farko abin daɗi yake yi mini, kamar na koma teburin mai jarida. A nuna mutane sun tsallako iyaka. A falo daga sama ake ɗauko su, dandazo baƙi ƙirin ba fuska ko ɗaya, ana kaɗa wani kiɗa mai faɗar da gaba, mai labari yana cewa baƙin haure sun kwararo. In na ƙarasa kicin sai in tarar da fuskar mace ɗaya ta cika akwatin, da jaririnta da hawayenta, ana cewa masu neman mafaka sun galabaita. Ranar da ɗan sanda ya harbi wani saurayi, falo ya wuni a kan laifin da yaron ya taɓa yi shekarun baya, kicin ya wuni a kan hoton bikin gama makarantarsa. Hatta tsadar mai, falo ya san wanda ya jawo, kicin ma ya sani, sai dai ba mutum ɗaya suke nunawa ba. Ni kuwa ina tsakiyar hanya da farantina ina haɗa wannan da wancan, ina jin na fi su biyun wayo.

Mista Wolta yakan nuna akwatin da sandarsa ya ce a kwashe su duka a mayar. Sai ya tuna ina tsaye a bayansa da tawul, ya ce, "Ba kai nake nufi ba, Sabi. Kai mutumin kirki ne." Shi ne kuma ranar da ya ga ina rawar ɗari ya sa aka ciro masa wani tsohon kwat mai nauyi kamar bargo, ya ce in saka kada in mutu a gidansa ya sha tambaya.

Madam Helin kuwa ƙauna ce ta kusa kashe ni. Tunda ta ji ina neman mafaka ba ta bar ni na huta ba. In ƙawayenta sun zo sai ta kira ni ta ce ga wanda ya tsere wa mutuwa. Ta kama hannuna ta ce, "Ba mu labarin Garba." Haka zan tsaya in zayyana musu wan da ban taɓa yi ba, tsawonsa da dariyarsa da abincin da yake so. Wata rana har hawaye na yi, kuma wallahi ban san wa na yi wa ba.

Kewar gida ba ta zuwa inda kake jiranta. Ni ba Sallah ce ta karya ni ba. Wata rana ce na ga doya a wani kanti, guntuwa, an naɗe ta a leda kamar magani. Na kira Ndagi na gaya masa. Ya yi ta dariya ya ce in Baba ya ga wannan, ko akuyarsa ba zai ba. Daga nan dariyar ta tsaya.

A sanyinmu na biyu abin ya faru. Da hantsi ne, ina ba Mista Wolta kunun alkama a baki, sai waya ta yi ƙara. Ɗan sanda ne, ya ce lambata ce a wayar Ndagi a matsayin ɗan'uwa. Motarsa ta zame a kan ƙanƙara a wata kwana, ta tsallaka ɗaya hannun ta haɗu da wata ƙaramar mota. Ndagi ya rasu nan take. Matar da ke ɗaya motar ita ma ta rasu. Mai dafa abinci ce a makarantar firamare, uwar yara uku, kuma cocinsu ɗaya da Mista Wolta. Ya san ta tun tana yarinya.

Na ajiye cokalin na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na maimaita ban san adadi ba.

Kafin la'asar abokina ya shiga akwatunan nan biyu. A falo hoton fasfonsa aka sa, wanda ya ɗaure fuska don mai hoto ya ce kada ya yi dariya. Kusa da shi hoton matar da 'ya'yanta. Aka ce baƙon da bai kamata a bar shi ya shigo ba ya kashe uwar yara uku. Ba a ambaci ƙanƙara ba. A kicin kuwa wani hoto suka samo yana murmushi. Aka ce ɗan gudun hijira ne da kamfani ke tatsa kamar saniya, ana sa shi tuƙi cikin yanayin da bai dace ba. Sunan matar sau ɗaya na ji an faɗa a can, shi ma a ƙarshe, da sauri. Sai mai labarin ta sassauta murya ta ce wannan bawan Allah ya tsere ne daga arewacin Najeriya bayan 'yan bindiga sun harbe mahaifinsa a gabansa. Har taswira aka nuna, da jan ɗigo a kan Gwada.

Na tsaya a tsakiyar taku goma sha biyun nan, inda nake cewa gaskiya take. Ban ga komai a wurin ba sai kafet.

Takardar da na rantse a durowa za ta ruɓe, kwana biyu kacal ta yi ta isa Ketaren Gwari. Wani ya yanko labarin kicin ya tura a waya, daga wannan waya zuwa waccan, har ya faɗo tsakiyar zaman makoki. Ƙanwata ce ta gaya mini yadda aka yi. Baba Shaba yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida ana yi masa gaisuwa, samari a gefe sun haɗa kai a kan waya, wata Baturiya tana cewa an kashe shi. Wani malamin makaranta aka sa ya fassara masa. Daga ranar masu zuwa ta'aziyya suka koma gaisawa da ido a ƙasa. Ana ta raɗa a unguwa wai yaron ya sayar da ran ubansa ya sayi takarda, shi ya sa Allah bai bar shi ya ci ba.

A rana ta uku Baba ya kira ni. Ina kicin ina wanke kwanuka.

"Sabi'u."

"Na'am, Baba. Ya haƙuri?"

"Hakuri sai ma'aiki. Sabi'u, kai ne yana wajen. Talabijin ya ce na mutu."

Na kashe famfo, shi kuma ya ci gaba.

"Mutane yana zuwa gaisuwa, yana kallona kamar fatalwa. Ni na haifi yaron nan. Ni ne ya kamata a ce ɗana ya mutu. Yanzu duniya ya ce ba shi da uba. To wa za a yi wa gaisuwa? Ka je ka gaya musu ina raye. Ba na rokonka komai sai wannan."

Na ce to, Baba. Wayar na yankewa na zauna a ƙasan kicin. Gaba kura baya sayaki. In na yi shiru, na bar tsohon nan a mace a bakin duniya, ni da na saka biro a hannun ɗansa. In na buɗe baki, hannun da ya rubuta takardar Ndagi shi ya rubuta tawa, da ta wasu da dama da na sani da waɗanda ban sani ba.

Washegari muka binne Ndagi a wani ɗan yanki da aka ware wa Musulmi a maƙabartar garin. Ƙasa ta daskare, sai da injin haƙa ya fasa ta. Limamin ɗan Somaliya ne, mamun ba mu kai ashirin ba. Da aka idar liman ya juyo ya ce wane ne waliyyinsa. Na ce ni ne. Ya ce, "Na ji mahaifinsa ma an kashe shi. Mu haɗa shi a addu'a." Ina tsaye aka ɗaga hannu aka roƙa wa Baba Shaba hasken kabari, ni ma na shafa.

Da na waiga sai ga Mista Wolta can nesa a kan kekensa na guragu, ya cire hula, dusar ƙanƙara tana sauka a kan sanƙonsa. Maƙwabcinsa ya roƙa ya kawo shi. Jiya ya je jana'izar matar, yau ya zo ta wanda tasharsa ta ce ya kashe ta. Da na je wurinsa bai ce mini komai ba sai, "Rufe maɓallin wuyanka." Ban taɓa fahimtar mutumin nan ba, kuma na daina ƙoƙari.

Madam Helin ce ta kira 'yar jarida daga tasharta, da kyakkyawar niyya, wai in wanke abokina. Aka kafa kyamara a kicin. Matashiya ce mai ladabi, har takalminta ta cire a bakin ƙofa. Na gaya mata Ndagi ba ya shan komai, ba ya gudu da mota, ya sha faɗa wa masu kamfanin tayoyinsa sun suɗe. Tana ta gyaɗa kai. Sai ta ce in ba ta labarin ranar da aka kashe mahaifinsa.

Na ce, "Mahaifinsa yana raye. Kwanan nan na yi magana da shi."

Ta ɗaga wa mai kyamara hannu ya kashe. Ta matso da kujera ta ce tana jin tausayina, amma in wannan maganar ta fita za a yi amfani da ita a cutar da dubban mutane masu gaskiya da ke neman mafaka. Ta ce ba ƙarya za su yi ba, kawai dai wannan ɓangaren ba za su sa ba. Na ce ai kun riga kun faɗa wa duniya ya mutu, ku gyara mana. Ta ce za ta yi magana da editanta. Na yi wuni biyu a kicin ina jira. Suka sa maganata ta tayoyi, suka sake nuna taswirar da jan ɗigon. Madam Helin kuwa ta dube ni da idon da ban taɓa gani ba ta ce, "Garba fa?" Na sunkuyar da kai. Tun daga ranar ba ta sake kama hannuna ba.

Ranar Juma'a ina fitowa daga masallaci na tarar da mutumin ɗaya tashar a bakin ƙofa da makirufo. Kowa yana kauce masa. Na san ko su wane ne, na fi shekara ina jin su. Amma na yi wa tsoho alkawari, kuma ƙofa ɗaya ce ta rage. Na tsaya na yi masa magana mai tsawo. Na faɗi ƙanƙara, na faɗi tayoyi, na ce Ndagi ya ƙi sa hannu ni na matsa masa, na ce duk Juma'a yana neman gafarar babansa. Na yi wa 'ya'yan matar ta'aziyya da sunan mahaifinsa da ke Minna. Mutumin ya saurare ni har ƙarshe, har hannu ya ba ni.

Da yamma ina tsaye bayan Mista Wolta aka nuno fuskata. Abin da aka bari daga duk maganata shi ne, "Mahaifinsa yana raye. Ƙarya aka rubuta." Aka maimaita sau uku. A ƙasa aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa abokinsa ya tona asirin damfarar neman mafaka. Mista Wolta ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki rimot ya kashe. Karo na farko ke nan da na ji falon nan shiru.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma in ya rufta ba mai haƙa shi kaɗai yake dannewa ba. Barista ya ɓace kamar an ɗauke shi. Aka buɗe duk takardun da suka bi ta hannunsa. A cikinsu akwai wata mata 'yar wajen Zamfara wadda da gaske aka kashe mata miji, laifinta kawai ta je wurinsa ya cika mata fom. Ta kira ni, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "Malam, ni ina zan koma?" Ban san yadda ta ƙare ba, kuma wannan yana cikin abin da zan tarar a gaba. Mutanenmu suka daina amsa sallamata a masallaci. Da aka kira ni ofishin shige da fice ban wahalar da su ba, na ce Garba bai taɓa zuwa duniya ba.

Zangona na ƙarshe wani gidan tsare mutane ne mai fitilar da ba a kashewa. Na yi watanni a ciki. Akwai talabijin a bango, masu gadi su sa tasharsu, in sun fita mu canza zuwa ɗayar. Sun daɗe da mantawa da Ndagi, sun koma kan wani. Kwat ɗin Mista Wolta da shi aka sa ni a jirgi, na sauka da shi a hannu cikin zafin Legas mutane suna kallona.

Kwanana biyu a Fadikpe na kasa fita. A na uku, ranar Alhamis, na hau keke napep zuwa Ketaren Gwari. Na tarar da Baba Shaba a zaure, ya rame, ya daina zuwa Gwada. Na durƙusa na yi masa gaisuwa irin wadda ya ce yana so, ta uban da ɗansa ya mutu. Ya amsa. Ya ce ya ga saƙona, an nuna masa a waya.

"Ka cika alkawari. Duniya ya ji ina raye." Ya kawar da kai. "Yanzu ni ne uban makaryaci."

Na ce, "Baba, akwai abin da suka yanke."

Na ba shi labarin ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da yadda Ndagi ya ture takardar, da wanda ya saka masa biro a hannu. Ban rage komai ba. Sannan na ce masa gafarar nan da yake nema duk Juma'a ba ta haƙƙin haihuwa ba ce, ta wannan ce.

Tsohon ya tsayar da jan carbinsa.

"Wane talabijin ne ya faɗi wannan?"

"Babu, Baba."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

Ya gyaɗa kai. "Shekara biyu ina cewa na yafe, ban san abin da nake yafewa ba. Wannan ba yafiya ba ne, gaisuwa ne." Ya dube ni. "Yau wace rana?"

"Alhamis."

"Gobe in an sauko masallaci ka zo. Ka tambaye ni yadda yake tambaya. Nasa da naka."

Washegari na je. Na durƙusa inda na durƙusa jiya, na ce, "Baba, ka yafe mini." Muryata ta fita kamar ba tawa ba. Ya buɗe baki, na ga maganar ta zo har leɓensa. Sai ya juya fuska bango.

Ya ce, "Bakina zai iya faɗa yanzu. Amma an yi wa yaron nan ƙarya da yawa, ni ba zan ƙara masa ba. Ka dawo Juma'a mai zuwa."

Damina biyu ke nan. Duk Juma'a in an sauko ina hanyar Ketaren Gwari. Yana sa a shimfiɗa mini tabarma, yana sa a kawo mini ruwa, wani lokaci har mu yi hirar farashin doya. Sannan in tambaya, shi kuma ya ce in dawo.